Yatsun Anjalai

Malama Rejina ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba ranar. Ta jingine kekenta a jikin darbejiya, ta tsallake tulin ɓawo, ta cafki hannun Mullai tana jujjuya shi kamar mai taya kifi a kasuwa.

"Kin gani ko, Anjalai? Dubi hannun 'yarki."

Anjalai ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗora ƙwallon kashu a kan dutse, ta ba shi ɗaya, biyu, uku da gudumar katako, ta zare ƙwayar fara tas ta jefa a kwano.

"Hannu ne, Malama. Kowa a layin nan irinsa gare shi."

Gaskiyarta kuwa. A layinmu na masu fasa kashu, can bayan garin Panruti, ba mai hannun nunawa. Man da ke cikin ƙonannen ɓawo cin fata yake yi. A shafa toka, a shafa man kwakwa, duk a banza, sai yatsu sun yi baƙi sun saɓule, sabuwar fata ta fito sumul kamar bayan cokali. Mullai shekararta goma sha ɗaya, huɗu daga ciki a gaban dutse ta yi su, daga an tashi makaranta har rana ta faɗi.

Malama ta tsuguna ta yi bayani dalla-dalla. Ta sa sunan Mullai a jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, inda ake ba da abinci sau uku da littattafai da sabulu, har yarinya ta gama aji goma sha biyu ba a nemi ko rupi ɗaya a wurin iyayenta ba. Saura kwana arba'in. Bana ne kawai, don baɗi shekarun Mullai sun wuce. Makarantar ƙauye kuwa daga aji biyar ta ƙare, wanda bai samu gaba ba sai ya dawo gaban dutse gaba ɗaya.

"Kan yarinyar nan ba na jin sa," in ji Malama. "Hannun ne. A ƙofar ɗakin jarrabawa akwai na'ura. Yarinya ta ɗora babban yatsa, na'ura ta gwada zanensa da wanda aka ɗauka ranar yin katin shaida. In ta kawo kore, a shiga. In ta kawo ja, a koma gida. Bara yarana biyu aka koro, kuma daga layin nan suke. Kwana arba'in kada ta taɓa ƙwallo ko ɗaya, zanen zai dawo. Za ki iya?"

Daga cikin ɗaki tsohuwa Irusammal, surukar Anjalai, ta amsa tun ba a tambaye ta ba.

"Kwana arba'in? Mu ci me, Malama, alli? Yarinyar da ta fi uwarta sauri!"

Anjalai ta dubi yatsun 'yarta. Ita ba ta taɓa shiga aji ba. Mijinta shekara uku da mutuwa, kuma abin da hannu biyu na Mullai ke fasawa shi ne miyar gidan. Ta san wannan sarai. Sai ta miƙa hannu ta fizge gudumar daga hannun yarinyar, ta wulla ta kan rufin ɗaki.

"Daga yau na ga hannunki a kan ƙwallo, sai na karya shi."

"To Inna, in kin karya shi da me zan rubuta?"

"Rufe min baki, uwar iya magana."

Ai kuwa an ji jiki. Kunun shinkafa ya koma ruwa zalla, sai an laluba kafin a gamu da ƙwaya. Busasshen kifi ya yi ƙaura daga gidan. Dandapani, dillalin da ke kawo buhunan ƙwallo a bayan babur ya kwashe fasasshe, in ya zo awo sai ya leƙa kwano ya leƙa Mullai da ke zaune da littafi, ya washe baki.

"A'a, Gimbiya ana hutawa? Anjalai, yaushe za a fara yi mana allura? In bar ciwon bayana sai ta zama likita?"

"Bar shi," in ji Anjalai. "Bakinka za ta fara ɗinkewa."

Matan layi ma ba su bar ta ba. Wai ta ɗauki kanta da girma, wai 'yar mai fasa kashu ko an kai ta birni ƙaurin ɓawo zai bi ta. Anjalai ta toshe kunne. Kullum da yamma ta zaunar da yarinyar ta mulke mata yatsu da man kwakwa ɗaya bayan ɗaya. Ta hana ta wanke-wanke, ta hana ta ɗiban ruwa. Ranar da ta kama ta da dafaffen ƙwan da ake ba su a makaranta, ta ɓoyo shi a aljihu za ta ba kakarta, tsayawa ta yi a kanta sai da ta cinye shi a gabanta, tsohuwa na kallo tana tsaki.

A kwana na ashirin da wani abu zazzaɓi ya kayar da Anjalai. Da la'asar tana kwance jiki na rawa, sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayan ɗaki. Ta san bugun kowa a layin, wannan kuwa na gidanta ne. Ta dafa bango ta zagaya. Ga Mullai ta ɗaure hannuwa da leda, ta ari gudumar maƙwabta, ta riga ta tara rabin kwano.

Anjalai ta yi ƙwallo da kwanon. Ta ja yarinyar har bakin randa, ta yage ledar, ta wanke hannun da toka sau uku tana duba kowane yatsa a hasken rana.

"Inna, ba komai a tukunya," in ji Mullai tana kuka.

"Tukunyarki ce? Na ce tukunyarki ce? Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Daga nan ita ma kukan ya ƙwace mata, don haushi da tsoro da yunwa duk sun taru mata. Ta zauna a gaban dutse da zazzaɓinta ta ƙarasa buhun.

Saura kwana uku jarrabawa suka yi gwaji. Mullai ta shafa babban yatsa a gindin tukunya, ta danna a jikin kofin ƙarfe. Suka kai kofin waje. Ga shi nan raɗau, zane sirara sun kewaye juna kamar kunyoyin gona. Har tsohuwa Irusammal ta fito da sandarta, ta karɓi kofin ta kai shi dab da ido, ta daɗe tana kallo. Daga nan ta hana kowa wanke shi.

Ran jarrabawa suka shiga motar farko zuwa birnin Kadalur. Anjalai ta ɗaura sarinta mai kyau guda ɗaya, ta shafa wa yarinyar tokar ibada a goshi, ta soka mata fure a kitso. A ƙofar makarantar da za a yi jarrabawar mutane ne maƙil, wasu da babura, wasu har da mota, yara da takalma sau ciki da gorar ruwa a wuya. A gindin wata bishiya wani mutum mai ƙurar siminti a gashi yana zaune da 'yarsa, ta kife kai a gwiwa. Anjalai ta gan su, amma hankalinta na kan layi.

Mai na'urar wani saurayi ne mai tabarau, yana zaune a bakin ƙofar ɗakin da kwamfuta a gabansa. Na'urar kanta ba ta fi sabulun wanka girma ba, da 'yar wayarta a jiki. Da layi ya zo kansu Mullai ta goge yatsa a siket ta ɗora.

Kore.

Anjalai sai da ta danne bakinta da gefen sari don kada guɗa ta kuɓuce mata a gaban mutanen birni.

"Sai uwa ko uba," in ji saurayin, bai ko kalle ta ba.

"Na'am?"

"Wanda ya kawo yarinya shi ma sai ya ɗora. Sabuwar doka ce, bana aka fara. Yana rubuce a bayan takardarku. Yi sauri, Baba, akwai mutane."

Anjalai ta dubi hannunta. Kwana arba'in gidan duka na gadin yatsa ɗaya, da ita da Malama da tsohuwa, ba wanda ya tuna da nata. Shekara ashirin da biyar tana fasa kashu. Ko ranar yin katin shaida sai da aka yi ta fama kafin a samu abin da aka ɗauka, kuma an daɗe da wannan.

Ta ɗora babban yatsa. Ja. Ta ɗora manuni. Ja. Saurayin ya ce ta goga a goshi, ta goga. Ya ce ta hura masa iska, ta hura. Ta bi su goma cif, dama da hagu, na'ura ta ce ba ta san ta ba.

"Sai ki kawo ubanta."

"Ubanta na bakin rafi inda muka ƙone gawarsa. In kana da mota mu je."

Wani ya yi dariya a layi. Saurayin ya tura tabarau sama.

"To ni ba abin da zan iya. Ku koma gefe."

"Ga yatsun ƙafa, su ba su taɓa kashu ba."

"Baba, ki koma gefe na ce. Na gaba!"

A nan ta gane me ya zaunar da mutumin can a gindin bishiya. Siminti ma haka yake cin yatsa. Ta dubi agogon bango, ta tambayi Mullai ƙarfe nawa. Goma saura ashirin, kuma da goma ake rufe ƙofa. Gabanta ya faɗi. A ranta ta ga motar komawa, ta ga bakin Dandapani, ta ga yarinyar nan a gaban dutse har ta tsufa. Sai wani abu ya taso mata tun daga ciki, mai zafi, ya kore tsoron.

Ta kai hannu ta fizge na'urar, waya ta zare daga jikin kwamfuta. Kafin saurayin ya miƙe ta cusa ta cikin rigarta, a ƙirji, inda mata ke ajiye kuɗin mota. Ta ja sari ta rufe, ta zauna daram a gefen ƙofa ta miƙe ƙafafu.

"Na'urar da ba ta san ni ba, yau ba za ta san kowa ba."

Wuri ya kaure. Saurayin ya miƙo hannu, ya ga inda abin yake, ya janye da sauri kamar ya taɓa wuta. Mai gadi ya zo da sandarsa ya tsaya yana raba ido. Wa zai sa hannu a rigar matar mutane a gaban jama'a? Aka ce a kira 'yar sanda mace. Yara kusan sittin ba su shiga ba, iyayensu suka yi ca a kanta.

"Ke mahaukaciya ce?" in ji wani mai tumbi da zoben zinariya. "Wata shida ina biyan malamin gida saboda ranar nan! Jahilci dai bai yi ba."

"Bai yi ba kam, Yallaɓai. Shi ya sa na kawo ta."

Mullai ta tsuguna kusa da ita, kunya ta gama kashe ta, hawaye na zuba a kan takardarta.

"Inna, don Allah ki ba su. Kowa na kallonmu. Mu tafi gida."

Wannan ce ta fi yi wa Anjalai ciwo, fiye da zagin mai tumbi. Ta kama haɓar yarinyar ta ɗaga.

"Kika sake cewa gida, ni da ke ne. Me kika ajiye a gidan? Su kalla mana, ba tsirara muke ba. Share fuskarki, ki riƙe alƙalaminki da kyau."

Shugaban jarrabawar ya fito daga ofis, dattijo mai furfura da biro uku a aljihu. Ya fara da lallashi.

"Baiwar Allah, wannan kayan gwamnati ne. Ba ni, mu zauna mu duba maganarki."

"Ta shiga tukuna."

"Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Ita dokar ta ce yarinyar ce za ta rubuta ko ni? Nata ya yi kore, kowa ya gani. Dube ta ka dube ni, Yallaɓai. Goshin nan a ina ta samo shi, a kasuwa?" Ta ɗaga hannuwanta biyu sama, baƙaƙe, ta juya su ga layi. "Zanen yatsuna kuke nema? Yana cikin kashun da kuke ba baƙinku. Ku je ku nemo shi can."

"Kin san za a kai ki ofishin 'yan sanda?"

"Na sani."

"Za su iya kwana da ke."

"Da abinci a can?"

Dattijon ya dubi agogo. Saura minti goma sha biyu, kuma in goma ta buga da yara sittin a waje, shi za a tambaya. Ya share gumi, ya juya ga saurayin ya ce ya ɗauko farar takardar nan da ke cikin durowa.

Ashe akwai takarda! Tun farko tana nan, an tanade ta don wanda na'ura ta ƙi karanta yatsansa. Shaidu biyu su sa hannu, shugaba ya buga hatimi, shi ke nan. Abin da ya sa ba a fito da ita shi ne duk wadda aka cika sai shugaba ya rubuta wa na sama da shi dogon bayani, shi kuwa ba ya son rubutu. Saboda wannan ƙiwar ake mai da yara gida. Kai, wasu mutane sai a bar su.

"Biyu za ka ɗauko," in ji Anjalai. Ta nuna gindin bishiya da haɓa. "Da waccan."

"Ke, kada ki wuce gona da iri."

"Saura minti nawa, Mullai?"

Aka ɗauko biyu. Mai gadi ya ruga ya kira mai siminti, ya taso yana jan 'yarsa, bai ma gane abin da ke faruwa ba. Da aka nemi shaidu, mai tumbin nan ne ya fara fizgar biro, yana sa hannu yana zagi ƙasa-ƙasa, don dai layi ya motsa. Wata mata mai laima ta sa na biyu. Hatimi ya sauka tim, tim.

Daidai nan 'yar sanda ta iso a kan babur, doguwa, da kitso ɗaya a naɗe a ƙeya. Ta tsaya a kan Anjalai.

"Tashi, Yaya. Ba ni abin."

"Bari ta shiga."

Mullai ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tana kallon kakin 'yar sandar tana kallon uwarta.

"Wuce!" Anjalai ta daka mata tsawa. "Kika waiwayo sai na ci mutuncinki. Wuce!"

Yarinyar ta shige, 'yar mai siminti na bin ta. Daga inda Anjalai ke zaune ba a ganin cikin ɗakin. Ta ɗaga kai ga 'yar sandar.

"Ƙanwata, kin fi ni tsawo. Leƙa min ta taga. Mai fure a kitso."

'Yar sandar ta yi kamar za ta ƙi, sai ta taka ta leƙa.

"Ta zauna. Layi na uku."

Anjalai ta sa hannu a riga ta ciro na'urar, ta goge ta da gefen sari, ta ajiye wa saurayin a kan tebur. Layi ya ruɗe da turereniya. 'Yar sandar ta riƙe ta a damtse suka nufi ƙofar waje. Ba ta taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, kuma tana tsoronsa ƙwarai. Ga tsohuwa a gida ba wanda zai dafa mata. Duk da haka da suka kai ƙofar ta kama ƙarfenta da hannu biyu ta toge.

"Yanzu kuma mene ne?"

"Sai an buga ƙararrawa."

"Yaya, kada ki sa in ja ki."

"Ja ni. Amma sai an buga."

Suka tsaya a rana su biyu. Yara na ƙarshe suka shige da gudu. Aka ja ƙofar ɗakin aka rufe, can ƙararrawa ta kaɗa.

"Yanzu ba mai fito da ita?"

"Ba mai fito da ita," in ji 'yar sandar. "Sai ta gama."

Anjalai ta saki ƙarfen, ta gyara sarinta a kafaɗa.

"To mu je."